Windows da Linux a kwamfuta ɗaya: masu yi, ku ba mu labari

Ɗalibi daga Zariya: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina so in sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a laftof ɗina ba tare da na goge Windows ba. Waɗanda suka riga mu yi, me kuka tarar?

Mai gyaran kwamfuta, Kano: Wa alaikumus salam ƙanena. Windows ake fara sawa, Linux ta biyo baya, domin ita ce ke kawo GRUB, allon da ke tambayarka wanne za ka shiga idan ka kunna. Ka rage wa Windows fili daga cikinta da Disk Management, manhajarta ta rabon faifai, ka ware wa Linux aƙalla 25GB, ko da yake ni ban cika ba wa mutum ƙasa da 60 ba. Kada ka taɓa rabon faifai sai batirinka a cike yake. An kawo min wata laftof da aka ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, batirin kuma ya mutu tuni. Ko hoto ɗaya ba mu ceto ba.

Malamar makaranta, Katsina: Ni agogo ne ya ruɗa ni. Duk sanda na fito daga Linux na koma Windows, sai in ga lokaci ya ja baya da awa ɗaya cif. Ashe Linux tana ajiye agogon na'ura a kan lokacin UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya, Windows kuma tana ɗaukarsa a matsayin lokacin gida, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Umarnin `timedatectl set-local-rtc 1` a Linux ya daidaita min su.

Wani daga Kumasi: Malama, mu nan Ghana ba mu san wannan matsala ba, lokacinmu daidai yake da UTC. Abin da ya same ni shi ne Linux ta ƙi barina in ajiye komai a ɓangaren Windows, karantawa kawai. Fast Startup ne sanadi: Windows ba ta rufewa gaba ɗaya, tana barin faifan a riƙe. Da na kashe shi, shi ke nan.

Mai gyaran kwamfuta, Kano: Na tuna wani abu da ya fi duka zafi. Idan BitLocker, makullin da Windows ke kulle faifai da shi, na kunne, ka nemo mabuɗinsa mai lamba 48 ka rubuta a takarda kafin ka taɓa Secure Boot (tsaron tashin kwamfuta) ko saitin UEFI (saitin na'urar da ake shiga kafin Windows ko Linux ta tashi). Laftof da yawa suna zuwa da shi a kunne, mai ita bai sani ba.

Ɗalibi daga Zariya: Na gode Yaya. Idan GRUB ya daina fitowa fa?

Mai gyaran kwamfuta, Kano: Galibi Linux ɗinka tana nan lafiya, jerin tashi ne ya canza, wato wadda kwamfuta ke fara kunnawa. Da zarar ka kunna, danna F9 a HP ko F12 a Dell ka zaɓe ta, sannan ka shiga UEFI ka mayar da ita sama.