Tukunya cikin tukunya: waɗanda suka gwada su ba mu labari

Malamin firamare, Gumel:

Assalamu alaikum. Ina roƙon waɗanda suka taɓa amfani da firjin ƙasa, wato tukunya cikin tukunya, su gaya mana abin da suka gani da idonsu, domin ina shirin haɗa wa mahaifiyata kafin zafin bazara ya kankama. Ga wanda bai san ta ba, ƙaramar tukunya ake sakawa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a zuba kayan miya a ta cikin, sannan a rufe bakinta da jiƙaƙƙen tsumma. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya taso a gidan magina tukwane kuma ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, shi ne ya yaɗa ta a ƙauyukanmu tun a shekarun 1990. A 2000 ya sami kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa dabarar cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Bayanan da aka fitar a lokacin sun ce yalon da ke lalacewa a kwana 3 yana kai kwana 27, alayyafo kuma kwana 12. Sai dai abin da ake rubutawa ranar ba da kyauta daban yake da abin da ke faruwa a tsakar gida, shi ya sa nake tambaya.

Hajiya mai kayan miya, Kano:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya yi maka albarka da ka tuna da mahaifiya. Ina sayar da kayan miya a ƙofar gida, yarona yana saro mini daga kasuwar 'Yankaba, kuma na daɗe ina aiki da guda uku da na jera a ƙarƙashin rumfa. Kafin na same su, duk tumatirin da ya kai la'asar bai fita ba sai na karya kuɗinsa, domin na san da safe zai yi laushi ya fara ruwa, kuma masu saye sun san haka, har wasu ba sa zuwa sai rana ta yi sanyi. Yanzu idan aka taya mini da wulaƙanci sai in ce albarka, in mayar da kayana cikin tukunya. A wurina wannan ne babban amfaninta, ya fi sanyin da ake ta magana a kai.

A bazara tumatir mai ƙarfi yana yi mini fiye da mako guda ba tare da ya yamutse ba, tattasai da attaruhu sun fi haka daɗewa. Amma ban taɓa ajiye kaya har mako uku ba, domin mai ƙaramin jari ba ya barin kuɗinsa kwance a tukunya. Kuma sai an tsince kayan kafin a zuba, saboda ƙwaya ɗaya da ta fashe a ƙasa za ta ɓata na kusa da ita komai sanyin wurin. Albasa kuwa kada a saka ta ko kusa, danshi ne abokin gabarta.

Ɗalibi, Legas:

Hajiya, ni kam ban ji daɗinta ba. Na zo da tukwane biyu daga gida da kyar, na haɗa yadda aka ce, na ajiye a lungun ɗaki. Bayan kwana huɗu na buɗe, sai na tarar da fumfuna ta rufe tumatirin, tsumman yana warin ruma, cikin tukunyar kuma babu wani sanyi da hannu zai ji. Har na fara zargin cewa labarin duk kambamawa ce.

Tsohon malamin kimiyya, Zariya:

Ɗana, tukunyarka ba ta yi laifi ba, wurin da ka kai ta ne bai dace da ita ba. Yadda take aiki daidai yake da yadda zufa ke sanyaya jiki, kuma daidai yake da yadda randar kakanninmu ke sanyaya ruwa: ruwan da ke cikin yashi yana nasowa ta ƙananan ƙofofin yumɓun tukunyar waje, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da ya tashi yana tafiya ne da zafin da ya zuƙo daga ciki. Idan iskar gari ta riga ta ƙoshi da danshi, kamar ta bakin teku, ba ta da wurin ɗaukar wani ruwan, don haka tukunyar za ta zauna a jiƙe kawai. Ka ƙara da ajiye ta a lungun da iska ba ta ratsawa, ka ga an haɗa matsala biyu.

Ko a nan Arewa haka take yi. Na taɓa saka ma'aunin zafi a tawa don in nuna wa jikokina, kuma bambancin ciki da waje ya fi fitowa a hunturu da bazara, sa'ad da iska ta bushe ƙarau. Da damina ta sauka sosai, musamman a watan Agusta, bambancin ya ragu har bai kai a yi zancensa ba. Ina kuma jan kunne cewa ba ta kai sanyin firjin lantarki, saboda haka kada a dogara da ita wajen ɗanyen nama ko kifi.

'Yar magina tukwane, Damagaram:

Baba ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da ya rage, wato ita kanta tukunyar. A gidanmu sana'ar ke nan, kuma na ga wata maƙwabciyarmu ta shafa wa ta waje fenti don ta yi kyau a ido, daga ranar ta daina aiki, domin ta toshe hanyar da ruwa ke fita. Wadda aka goge ta yi santsi sosai ma ba ta kai mai ɗan kaushi ba. Yashin rafi mai tsabta ake nema, wanda aka tankaɗe, saboda ƙasa mai laka tana cushewa ta ƙi riƙe ruwa yadda ake so. A zuba yashi a gindin babbar tukuna har bakunan biyu su zo daidai, sannan a ɗora ta a kan duwatsu uku don iska ta bi ta ƙarƙashi. Ruwa kuwa safe da yamma ne, kuma a gidan da ake sayen ruwa a garwa wannan ma lissafi ne da ya kamata a yi tun farko. Idan ruwan rijiyar yana da kanwa, za a ga wani farin abu yana taruwa a bayan tukunyar, sai a riƙa kankare shi.

Wani mazaunin Sudan:

A nan ana kiranta zir, sunan babbar randar ruwa da Larabci, kuma an yaɗa ta sosai a yankin Darfur. Iyalina kuɓewa da karas suka fi sakawa.

Malamin firamare, Gumel:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, maganar albasa ta zo a kan gaɓa, domin da ita na yi niyyar farawa. Na fasa sayen masu ado da na gani a kasuwa, zan je wurin magina in zaɓi masu kaushi, in jera su a gindin darbejiyar da ke tsakar gida inda iska ke bi. Abin da ya rage mini shi ne murfi: mahaifiyata tana da buhun algarara, kuma ina so in ji daga 'yar'uwarmu ta Damagaram ko ya fi tsumman atamfa riƙe ruwa, ko kuwa nauyinsa zai danne kayan da ke sama.