Harvard da Columbia a lokaci guda, ya halatta?

Wata uwa daga Zariya:
Salamu alaikum. Ɗana yana son neman gurbin karatu a jami'ar Harvard ta Amurka ta tsarin Restrictive Early Action (neman gurbi da wuri mai sharaɗi), wanda ake rufewa 1 ga Nuwamba. Babansa kuma ya ce ya haɗa da Early Decision (neman gurbi da wuri mai ɗaure ɗalibi) na jami'ar Columbia, wai kar a zuba ƙwai a kwando ɗaya. Ana haɗawa?

Ɗalibi a Boston:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba a haɗawa. Sharaɗin Harvard shi ne kar ya nemi wata jami'a mai zaman kanta a Amurka a zagayen farko, Columbia kuwa mai zaman kanta ce. Jami'o'in gwamnati kamar Michigan, da na wajen Amurka, babu laifi, muddin ba masu ɗaure shi ba ne. In Harvard ta ɗauke shi a tsakiyar Disamba, yana da har 1 ga Mayu ya amsa. Na Columbia kuwa alkawari ne: sun ɗauke shi, sai ya janye sauran takardunsa.

Malamin sakandare:
Hajiya, ki duba batun kuɗi tukuna. Harvard, Yale da Princeton ba sa duba aljihun baƙon ɗalibi wajen ɗauka, Stanford tana dubawa. Ni dai ba na ba mai neman tallafi shawarar Early Decision, don ba zai iya gwada tayin makarantu ba.

Wata uwa daga Zariya:
In Harvard ta ɗage yanke hukunci a kansa a Disamba fa?

Ɗalibi a Boston:
Sai a sake duba takardarsa da sauran jama'a, amsa ta fito ƙarshen Maris. Kafin nan ya cike na sauran makarantu a farkon Janairu.