Aljani ya ɗauki mutum na yarda, tsutsa ta hana ni sakat: me ya sa?

Tela_Ƙofar_Marusa ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ni tela ne a cikin garin Katsina, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta keke ya tsaya, littafi nake buɗewa in haska da fitilar waya. Tun bayan ƙaramar Sallah nake fama da Dune na Frank Herbert, wanda ya fito a 1965. Ƙanen wani abokina da ke karatu a Zariya ne ya kawo mini shi, na hannu, bangon baya ma babu. Turancinsa ya ba ni wuya, wata uku na yi da ƙamus a gefe, sai shekaranjiya na kai ƙarshe.

Gaskiya ya yi mini daɗi. Duniya ce da babu ruwan sama ko ɗigo, rairayi kawai. Mutanen hamadar idan suna son girmama ka sai su tofa yawu a gabanka, don sun ba ka ruwan jikinsu ke nan. Idan mutum ya mutu sai a tace ruwan gawarsa a mayar wa jama'a. Ga kalmomi irin namu, Mahadi, jihadi, Lisanul Gaibi, har na riƙa jin kamar marubucin ya taɓa zama da Buzaye a Agadas.

Amma ga matsalata. Akwai wata riga da suke sakawa, tana tara gumi da fitsari ta tace su mutum ya sake sha. Tunda na karanta wurin hankalina ya ƙi kwanciya. Ina aka yi ɗinkin? Da wane zare? Duk inda allura ta shiga ai ta bar huda, kuma huda tana yoyo. A zafin watan Afrilu irin namu, mutum ya kwana biyu cikin riga guda ba wanki, wa zai zauna kusa da shi? Sannan akwai wata ƙatuwar tsutsa a cikin rairayin, mai tsawon mita 400, me take ci a ƙasar da ko ciyawa babu?

Abin da ya ba ni mamaki da kaina, ina yaro na karanta Ganɗoki yana yawo cikin aljanu, na karanta Ruwan Bagaja, ban taɓa tsayawa na ce ƙarya ne ba. Me ya sa aljani ke wucewa salin-alin a wurina, amma na'ura sai na kama ta da bincike? Ni kaɗai ne, ko kowa haka yake?

Tsohon_Malami_Daura ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ba kai kaɗai ba ne. Shekara 35 na yi ina riƙe da alli, kuma na ga wannan a wurin yara da yawa.

Mai ba da labarin aljani bai ɗaukar maka alkawarin komai ba. Ya ce aljani ya ɗauka, magana ta ƙare, don kunnenka ya riga ya saba tun daga makarantar allo. Ka ji ifiritun da ya ce wa Annabi Sulaimanu zai kawo gadon sarauniyar Saba'i kafin ya tashi daga mazauninsa. Mai labarin kimiyya kuwa shi ya jawo wa kansa. Ya ce maka ga bututu, ga matata, ga yadda abin ke aiki. Wanda ya ce zo ka duba awon hatsinsa, ai ba ya fushi don ka zo da tiyarka.

Amma kada ka ɗauka labarin almara ba shi da doka. Mu nan Daura mun tashi da labarin rijiyar Kusugu. Macijin nan ba kullum yake hana ɗibar ruwa ba, ran Juma'a yana bari. Cire wannan Juma'ar ka gani, labarin ya mutu, don da garin ya watse tun kafin Bayajidda ya iso. Yaro ba zai tambaye ka yadda maciji ya san ranakun mako ba, amma in ka ce ya bar su sun ɗiba ran Talata sai ya ce Malam ba haka ba ne.

Tunda ka ambaci Ganɗoki, na gida ne ka sani. Marubucinsa Malam Bello Kagara ya koyar a Kwalejin Katsina, ya zama Walin Katsina, kuma wan Abubakar Imam ne, mai Ruwan Bagaja. Littattafan nasu biyu daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 suka fito. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa, sai da na yi furfura na gano tushensa jarumin Rasha ne, Waldima shi ne Baladimiya, birnin Kib kuma Kiyef. Mun karanta shi a aji muna rantsuwa Bahaushe ne.

Ka nemi Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A 1969 ya fito, shekarar da 'yan Amurka suka taka wata. Yaro ne mai suna Kilba, wani baƙo Kolin Koliyo ya tafi da shi sararin samaniya. Lokacin akwai dattawa a unguwarmu da suka rantse ba wanda ya je wata, alhali da an ce aljani ne ya kai su, da ba a yi musu ba.

Direban_Jibiya ya amsa:

Baba Malam, Allah shi ƙara lafiya, amma ni ban yarda da kai duka ba.

Ni ba ruwana da tsutsa, ba ruwana da aljani. A ba ni ɓarawo, ɗan sanda, jakar kuɗi da mace mai cin amana, in kwana ban runtsa ba. Littattafan James Hadley Chase na gada wurin wana, kwali guda. Kuma ka ji abin dariya, mutumin nan Bature ne ɗan Ingila, yawancin labaransa a Amurka suke, da taswira da ƙamus na maganar 'yan iskan gari ya riƙa rubuta su. Ni da ban taɓa wuce Legas ba ban kama shi da ƙarya ko ɗaya ba. Na tabbata direban tasi na can zai kama.

To nan maganar take. Mutum yana kama ƙarya ne a inda ya sani. Oga Tela ya kama ta a wurin ɗinki don allura ce abincinsa. Ni kuma kwanaki na karanta wani na Hausa a waya, wai jarumi ya taso daga Kano ya iso Katsina cikin minti 40, da dare, ana binsa da harbi. Tafiyar kusan kilomita 170! Ko Bichi bai gama wucewa da kyau ba. Nan na rufe, ban ƙara buɗewa ba, ko da yake yarinyar da aka sace tana cikin but ɗin mota har yanzu.

Shi ya sa nake girmama Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Fasa-ƙwauri ya rubuta, kuma duk wanda ke bin hanyar iyaka kullum kamar ni zai ce lallai wannan ya san dawan garin. Aljani kuwa, wa ya taɓa yi masa lodi balle ya san iya nauyin da yake ɗauka?

Maman_Ilham_Nas ta amsa:

Yaya Direba ka ba ni dariya ni kaɗai a ɗakin jinya da ƙarfe biyun dare.

Yaya Tela, kai zare ya dame ka, ni gishiri. Gumi da fitsari suna fita da gishiri da dattin da ƙoda ta tace, to ina rigar ke kai su? Amma na yafe wa marubucin saboda wuri guda, inda yaron da shi ne jarumin labarin ya zubar da hawaye a kan mutumin da ya kashe, mutanen hamada suka tsaya suna mamaki wai ya ba mamaci ruwa. Ranar da na karanta wurin mun wuni muna jiran mai kura bai shigo layinmu ba, jarka ɗaya ta rage a gidan. Na ajiye littafin na yi shiru.

Baba, ni abin da ke ƙona mini rai da aljanun marubutan yanzu na WhatsApp, ba su da Juma'ar da ka faɗa. Marubuciya ta ƙulla labari ta rasa yadda za ta kwance, sai a shafi na 80 a ce ashe kishiyar aljana ce. Ko wasiyyar da ta ɓace aljani ya dawo da ita ƙarƙashin matashi. Wannan ba almara ba ce, gajiya ce.

In kana son wanda ba zai ci maka wata uku ba, gwada Binti na Nnedi Okorafor, 'yar Najeriya ce haifaffiyar Amurka. Gajere ne, ya ci kyautar Hugo ta labaran kimiyya da almara a 2016. Yarinya ce ta kabilar Himba ta ƙasar Namibiya, ta gudu daga gida zuwa jami'a a wata duniya, da jan yumɓun da matansu ke shafawa a cikin kayanta.

Af, maganar abincin tsutsa. Ai marubucin Dune ya yi bayani a rataye na ƙarshen littafin, wasu ƙananan halittu ne a cikin rairayi take ci. Ba ka duba ba?

Tela_Ƙofar_Marusa ya dawo:

Innalillahi! Hajiya, wane rataye? Nawa daga inda labari ya ƙare sai zaren ɗauri, an yage sauran. Ashe amsata tana can an naɗe wa wani ƙosai da ita a Samaru. Don Allah ki ɗauki hoton shafukan ki turo nan in kin tashi daga aiki.

Oga Direba, na karɓi taka rabi. Amma ai a labaran aljanu ma ana kawo wa jarumi alkyabba cikin ƙiftawar ido, ban taɓa tambayar wa ya yi mata aiki a wuya ba, kuma wannan ma sana'ata ce. Don haka ta Baba tana nan daram.

Baba, Tauraruwa Mai Wutsiya fa, in akwai naka a gida, ranar Laraba ina da kai ɗinkin biki Daura, sai in biyo in gaishe ka in ara. An kawo wuta yanzu, kaftani 11 ke jirana.