Goge Sinafshot: Sauƙi Ne Ga Faifai Ko Ƙarin Kaya?

Malam Nura: Assalamu alaikum. Ana cewa idan ma'ajin bayanai ya fara jan ƙafa, a goge tsofaffin sinafshot, wato hoton da ake ɗauka na yadda bayanai suke a wani lokaci, nan take zai warware. Ni ina kan wannan ra'ayi. A LVM na gargajiya, wato tsarin sarrafa faifai na Linux, karon farko da za a rubuta a kan bulo, wato ƙaramin yankin faifai da ake ajiye bayanai a ciki, sai an karanta tsohon abin da ke ciki, a kwafe shi zuwa sinafshot, sannan a rubuta sabon. Aiki ɗaya ya koma uku. Sinafshot biyar, kwafi biyar. Da an goge su nauyin ya sauka.

Injiniya Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, a LVM ka yi gaskiya, amma ba ko'ina ba. Tsare-tsaren ajiye fayil irin su ZFS da Btrfs ba sa rubutu a kan tsohon bulo, sabon wuri suke nema. Don haka ajiye sinafshot fili kawai yake ci, gogewar ce mai wahala. Umarnin gogewa na ZFS, `zfs destroy`, yakan dawo da wuri, sai mutum ya ɗauka an gama, alhali yanzu aka fara. A bayan fage ake sakin bulo-bulon, cikin zagayen nan na kammala rubutu da ake yi duk daƙiƙa 5, suna gogayya da rubutun masu amfani. Ka buga `zpool get freeing`, za ka ga adadin da ya rage yana sauka sannu a hankali.

Auwalu: Kuma yawan bulo ne abin lura, ba girman bayanai ba. Terabait ɗaya mai bulo 128K (kilobait 128) ya kai bulo miliyan 8 da 'yan kai. Idan bulon 16K ne, kusan miliyan 67. Fili iri ɗaya, aiki ninki 8.

Malam Nura: To ai na ɗan lokaci ne, Auwalu. Ma'ajin da ya haura kashi 80 cikin 100 yakan sha wuyar samun fili a jere, rubutu ya tarwatse. Gara wahalar awa biyu da ta kullum.

Injiniya Hadiza: In filin zai dawo ke nan. Bulon da wani sinafshot ke riƙe da shi ba ya sakuwa. Ka goge na tsakiya, bulonsa su koma wuyan maƙwabcinsa, ka tashi a tutar babu. Shi ya sa ake fara gwaji da `zfs destroy -nv`, a ba shi sunan sinafshot na farko da na ƙarshe da alamar % a tsakani. Zai faɗi filin da za a samu ba tare da ya taɓa komai ba. Inda abin ke baci sosai shi ne idan an kunna dedup, wato tsarin da ke hana ajiye bayani iri ɗaya sau biyu. Kowane bulo sai an nemo shi a teburin dedup an rage lissafinsa, kuma kowane layi na cin kusan bait 320. Bulo miliyan 67 sun haura gigabait 20. In teburin bai shiga RAM, ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ba, kowane nema ya zama karatu daga faifai, faifai mai juyawa kuwa da ƙyar yake yin karatu 200 a daƙiƙa. Ku yi lissafin da kanku.

Malam Garba: A Btrfs `btrfs-cleaner` ke wannan shara. In qgroups, wato lissafin filin da kowane sashe ke ci, na kunne, sai ya bi diddigin mamallakin kowane yanki, rubutu ya riƙa tsayawa cak. A goge ɗaya, a jira `btrfs subvolume sync` ya dawo, sannan na gaba. A VMware kuma, manhajar tafiyar da injinan kwamfuta na kwaikwayo, "gogewa" suna ne kawai, haɗewa ce: duk canjin da ya taru sai an zuba shi cikin faifan asali, kuma a ƙarshe injin yakan daskare na ɗan lokaci. Su da kansu sun ce kada sinafshot ya wuce awa 72.

Malam Nura: Wannan ai hujjata ce, Malam Garba: a goge da wuri.

Malam Garba: Da wuri, kaɗan-kaɗan, lokacin da aiki ya lafa. Ba sinafshot 300 a tashi ɗaya da tsakar rana don faifai ya cika ba.

Malam Nura: Na yarda da kaɗan-kaɗan. Batun LVM dai ban janye ba, sai in nau'in thin ne, wanda sinafshot ke tarayya a bulo maimakon kowanne ya yi nasa kwafi.