Tarkacen imel ya ishe mu a jami'a, ina mafita?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. A sashen kwamfuta na wata jami'a nake aiki, mu ke riƙe da imel ɗinmu a kan sabarmu, Postfix ne (manhajar aikawa da karɓar imel) da SpamAssassin (matatar tarkacen imel). Kwanan nan abin ya yi yawa wlh, kullum malamai na kira wai akwatinsu ya cika da tallan magani da na bashi da masu cewa ka ci tallafin karatu, amma wanda ya fi tayar min da hankali shi ne mai cewa akwatinka ya cika danna nan ka sabunta, har da tambarin jami'a a jiki. In an tsananta matata kuma sai ta haɗa da saƙonnin ƙwarai ta cinye. Ya kuke yi a wajenku?

Malam_Nura:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kafin ka damu da masu shigowa fara duba masu fita tukuna. Wannan na "danna nan" ɗin kalmar sirri yake nema, mutum ɗaya ya isa, da ya rubuta tasa shikenan sai cikin dare a riƙa fesa dubban saƙonni da sunansa, kuma tunda daga cikin gida suke fitowa matatarka ba lallai ta tare ba. Daga nan sai Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa masu aika tarkace, ta saka adireshin sabarku a baƙin littafi, ka wayi gari ana dawo muku da wasiƙu har na ofishin rajistara. Ka sa wa kowane akawun iyakar abin da zai iya turawa a awa, ka toshe ƙofa ta 25 (wadda sabobi ke aika wa juna imel ta cikinta) ga waifai na hostel da ɗakunan kwamfuta, mai son turawa ya bi ta ƙofa ta 587 da suna da kalmar sirri. A tilasta tabbatarwa mai mataki biyu (kalmar sirri da ƙarin shaida, kamar lamba a waya), za a yi ƙorafi na ɗan lokaci a saba.

Maman_Ilham:
Ni dai malama ce ban san waɗannan lambobin naku ba, amma gsky rabin abin da ke cika min akwati ba na 'yan damfara ba ne, namu ne. Adireshin nan na dukkan ma'aikata kowa na iya tura masa, mai sayar da fili ya tura, a yi rasuwa a sanar sai kowa ya mayar wa kowa da Allah ya jiƙan rai. Addu'a na da kyau amma a aika wa masu rashin mana. Don Allah ku sa mai tantancewa, kuma a koya wa sakatarori Bcc, wato turawa ba tare da masu karɓa sun ga adireshin juna ba.

Injiniya_BK:
Hajiya ta faɗi gaskiya. Abu_Sadiq kun saita SPF da DKIM da DMARC kuwa, wato hanyoyin tabbatar da cewa imel mai sunanku daga wajenku ya fito? Tun Fabrairun 2024 Google ta wajabta su ga mai tura wa masu Gmail saƙo 5,000 a rana, jami'a kuwa lokacin ɗaukar ɗalibai tana iya kaiwa. Ba za su hana tallan magani ba fa, amfaninsu hana wani ya ari sunan jami'arku ya yi aika-aika. DMARC ɗin ka fara da p=none (sa ido kawai, ba toshewa) ka karanta rahoto, kar ka yi tsalle zuwa reject (ƙin karɓar duk saƙon da ya faɗi gwajin), in ba haka ba saƙonnin fotal ɗinku ma za su iya maƙalewa.

Abu_Sadiq:
Na gode ƙwarai. Malam Nura ka canka, na duba tarihin sabar na ga akawun ɗin wani da ya daɗe da ritaya yana ta aika saƙo da tsakar dare, na rufe shi. SPF kawai muke da shi Injiniya, DKIM ɗin da manhajar OpenDKIM zan yi ko in koma Rspamd, matatar da ke yin DKIM ɗin ita ma, gaba ɗaya?