Tambaya: zuwa Imsouane da dogon allon hawan igiyar ruwa

Bakin_Teku: Assalamu alaikum. Mai niyyar zuwa Imsouane ta Maroko a watan Disamba da allo mai ƙafa 9 da inci 2, ya ɗauki nasa a jirgin sama ko ya yi haya a can? Kuma wane shiri ruwan wurin yake buƙata?

Malam_Kwalekwale: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, in kwanakin ba su kai 10 ba, haya ta fi, don garin cike yake da shagunan haya. Allon nan ya kai santimita 280 tun bai shiga jaka ba, kuma kowane kamfanin jirgi da iyakar tsawon da yake karɓa. A samu amsarsu a rubuce kafin a yanki tikiti.

In kuwa dole sai da shi, a kwance fiffiken da ke ƙarƙashin allon, a ajiye kusarsa a 'yar leda don ɓata ba ta yi mata wuya. A kankare tsohon kakin da ke saman allon, wanda ake gogawa don kada ƙafa ta zame, in ba haka ba ya narke ya ɓata jaka. Hanci da wutsiya, wato gaba da bayan allon, su ne ke fara shan duka, sai a naɗe su da kwali ninki biyu. Gefuna kuma a tsaga soson da ake rufe bututun ruwa da shi a sa musu. Kada a cusa takalmi ko ƙarfe a jakar: da an ɗora wani kaya a kai, shi zai lotsa allon.

Hajiya_Iska: Ruwan yana da sanyi a Disamba, wajen digiri 17 zuwa 18, don haka sai da rigar roba mai kaurin milimita 3/2 (3 a gangar jiki, 2 a hannuwa da ƙafafu), da kaki na ruwan sanyi. Na ƙasashen zafi tauri yake yi a can, ƙafa ta riƙa zamewa. Maɗaurin ƙafa, wato igiyar da ke haɗa ƙafa da allo, kada ya gaza tsawon allon, kuma na ƙasan gwiwa ya fi na idon sawu ga mai takawa zuwa hanci, don ba ya harɗe ƙafa. Fiffike ɗaya mai inci 9 ya wadatar. A matsa shi baya in wutsiya tana sulluɓewa.

Igiyar ruwan wurin ta ɓangaren dama take karyewa, a hankali, tana tafiya ɗaruruwan mitoci, kuma ta fi kyau idan teku ta janye. Ana shiga ta gefen tashar masunta, to a bar wa jiragensu hanya. Wanda ya fi kusa da inda igiyar ta fara karyewa shi ke da ita, kada a shiga gabansa.

Mai_Gyara: Ƙarin bayani kan gyara, Malam. A san irin allon tukuna. In farin soso ne mara nauyi a ciki, wanda ake lulluɓewa da wani gam mai suna epoksi, gam ɗin poliyesta narkar da shi yake yi, ƙaramin tsagu ya koma rami. Epoksi kuwa yana kama kowane iri. Da an ga tsagu a fito daga ruwa, a wanke gishirin, a bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu kafin a toshe. Kuma kada a bar allo cikin mota a rana, zafi yana ɗaga fatarsa daga soson.

Bakin_Teku: Madalla, Allah ya saka da alheri. Kwana 6 ne kawai, haya za a yi.