Wain mara giya mai sauƙin kuɗi, abin da aka ce a hirar jiya

To jama'a ga abin da na tsinta. Yawanci Eva da Veleta aka fi ambata, wai sun fi araha kuma yara ma na sha, Chamdor ɗan Afirka ta Kudu ya ɗan fi tsada amma masu biki sun ce yafi fita kunya gaban baƙi. Pure Heaven kuma wasu sunce zaƙi yayi yawa, ni dai ban ga laifinsa ba in yayi sanyi sosai. Wata Hajiya ta ja kunne a duba kwalba a ga 0.0% da lambar NAFDAC da ranar lalacewa, don kwalaben suna kama da masu giya. In katan zaki saya ki shiga Kasuwar Gumi da ke Kaduna, yafi shagunan unguwa sauƙi.